Ƙarfen da wuta da asid suka gaza ci: fashin baƙi kan kamfanin Haynes da gaurayen ƙarafansa

Wanda ya taɓa zama kusa da taga a jirgin sama, ya leƙa ya ga injin da ke rataye a ƙarƙashin fiffike, da wuya ya kawo a ransa abin da ke gudana a cikinsa. A tsakiyar injin akwai wani ɗaki da ake fesa man jirgi cikin matsattsiyar iska a cinna musu wuta, kuma wutar ba ta mutuwa tun daga tashi har sauka, ko da tafiyar ta awa goma sha biyu ce. Zafin harshen wutar nan ya wuce zafin da zai narkar da bangon ɗakin kansa. Bangon kuwa falle ne na ƙarfe, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Abu biyu ke hana shi zubewa. Na farko, ɗaruruwan ƙananan huji da iska mai ɗan sanyi ke bi ta cikinsu ta shimfiɗu a fuskarsa, ta shiga tsakaninsa da wutar. Na biyu, irin ƙarfen da aka yi shi da shi.

Wannan na biyun nake so mu tattauna a kai, ta hanyar bin tarihin ɗaya daga cikin kamfanoni ƙalilan da suka ƙware wajen yin sa: Haynes International, da ke garin Kokomo a jihar Indiyana ta Amurka. Ba shi da girma idan aka ajiye shi kusa da manyan masu narka ƙarfe na duniya. Abin da yake fitarwa a shekara guda, babbar masana'antar ƙarfen gini za ta fitar da nauyinsa cikin 'yan kwanaki. Amma a ganina tarihinsa ne hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan sana'a, domin kusan kowane ƙarfe da ya fitar amsa ce ga wata lalacewa da ta riga ta faru a hannun wani: bakin abin yanka da ya dakushe, tukunyar asid da ta huje, walda da ta ruɓe, farfelar inji da ta miƙe.

Wanda ya kafa shi, Elwood Haynes, an haife shi a 1857 a garin Portland na Indiyana. Ya yi karatun kimiyya a Worcester da ke jihar Massachusetts, ya gama a 1881, kuma binciken kammala karatunsa a kan abin da tangsten ke yi wa baƙin ƙarfe ya yi shi. Da aka gano iskar gas a ƙarƙashin ƙasar Indiyana a 1886 sai ya shiga wannan harka, yana yawon duba rijiyoyi da bututai a keken doki. Wahalar wannan zirga-zirga ce ta sa shi tunanin keken da zai tafi ba doki. Ranar 4 ga Yuli, 1894, ya gwada motar da ya zana a wajen garin Kokomo, wadda 'yan'uwan nan biyu, Elmer da Edgar Apperson, suka ƙera masa a gareji nasu. Tana cikin motocin farko da aka yi a Amurka, kuma tun 1910 take ajiye a gidan tarihi na Smithsonian.

A zamaninsa, da mota aka san shi. Kamfanin motar ya durƙushe dab da rasuwarsa a 1925. Abin da ya rayu shi ne aikin da yake yi a gefe, a ɗan ɗakin gwaji, yana narka ƙarafa yana gauraya su.

Abin da yake nema tun farko ƙarfe ne da za a yi wuƙa da shi, ya yi kaifi kuma kada ya yi tsatsa ko ya dusashe. Da ya haɗa kobal da kuromiyam sai ya sami abu mai tauri, mai ƙyalli, wanda ba ya sauya launi. Ya yi rajistar mallakar wannan ƙirƙira a 1907. Daga baya ya ƙara tangsten da molibdinam, taurin ya ƙaru ƙwarai. Ya raɗa masa suna Stellite, daga kalmar Latin mai nufin tauraro, saboda ƙyallinsa, kuma a 1912 ya kafa masana'antar yin sa a Kokomo.

Sai dai a wani wuri dabam ƙarfen ya yi kasuwa. A masana'anta, idan za a sassaƙa ƙarfe, ana ɗaure shi a inji yana juyawa, a kawo wani ɗan guntun ƙarfe mai kaifi yana fere shi. Gogayyar tana haifar da zafi, kuma duk maƙeri ya san abin da zafi ke yi wa baƙin ƙarfe: da ya yi ja, ya yi laushi. Don haka dole ma'aikaci ya rage gudun inji, ko ya riƙa tsayawa yana wasa bakin abin yankansa. Stellite kuwa ko ya yi jawur yana nan da taurinsa, yana ci gaba da yanka. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, masana'antun da ke sassaƙa kwanson harsasan igwa suka yi masa rubdugu, domin da shi inji ɗaya ke yin aikin da a da sai an haɗa da wani. Ɗan ƙaramin wurin Haynes ya zama babban kasuwanci cikin shekaru kaɗan. Taurin nan yana da nasa tsadar: ƙarfen ba ya ƙeruwa da guduma, sai dai a zuba shi a mazubi sannan a goge shi da dutsen wasa.

A daidai wannan lokaci Haynes ya kuma yi aiki a kan baƙin ƙarfe mai kuromiyam da ba ya tsatsa, ya yi karo da Harry Brearley na garin Shefild a Ingila, wanda shi ma ya gano irinsa a 1913. Ba su ƙare a dogon rikici ba, sai suka haɗa haƙƙoƙinsu a kamfani guda. A 1920 ya sayar da masana'antar Stellite ga Union Carbide, kuma a hannun wannan katafaren kamfani na sinadarai ne aka buɗe babi na biyu.

Kafin mu shiga babin, ya kamata a warware wata tambaya, domin idan ba a gane ta ba sauran bayanin jerin sunaye ne kawai. Me ya sa ake gina irin waɗannan ƙarafa a kan nikel da kobal? Mutum zai zaci don sun fi baƙin ƙarfe jure narkewa ne. Abin mamaki, ba haka ba ne. Baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Selshiyas, kobal a 1,495, nikel a 1,455. Wato nikel ne ma ke riga su narkewa. Sirrin yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikinsa. A baƙin ƙarfe jerin yana sauya fasali idan zafi ya kai digiri 912, kamar gini da tubalansa ke sake zama. A nikel kuwa jerin ba ya sauyawa tun daga sanyi har zuwa narkewa, kuma jeri ne mai karɓar baƙi: za a iya narka kuromiyam da molibdinam da tangsten masu yawa a cikinsa ba tare da ya yi gautsi ba. Don haka nikel masauki ne. Baƙin da aka saukar a cikinsa su ke yin yawancin aikin.

Kuromiyam shi ne mai sulke. Idan ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wata fata siririya a fuskar ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ta toshe hanyar ci gaba da cin sa. Idan aka karce ta, takan sake rufewa da kanta muddin akwai oksijin. Wannan fatar ce ma ke kare ƙarfe marar tsatsa na yau da kullum, wanda ke buƙatar kuromiyam aƙalla kashi goma da rabi cikin ɗari. Molibdinam aikinsa a inda wannan sulke ba ya tsayawa: cikin asid irin na haidirokulorik, da ruwan gishiri da ke huda ƙarfe ya bar ƙananan ramuka masu zurfi kamar cin gara. Tangsten da molibdinam kuma manyan zarra ne, idan suka cusu a cikin jerin nikel sai su takura shi, su hana layukan zarra zamewa a kan juna. Wannan zamewar ita ce babbar cutar ƙarfe a cikin zafi. Ƙarfen da ke ɗauke da nauyi cikin wuta ba lallai ya karye farat ɗaya ba, yana miƙewa ne a hankali, wata da watanni, har ranar da farfelar inji za ta taɓa bangon da ke kewaye da ita.

Da wannan ilimin masana na Union Carbide suka fuskanci matsalar masana'antun sinadarai, inda asid ke cinye tukwane da famfuna. Daga shekarun 1920 zuwa farkon 1930 suka fitar da jerin gaurayen nikel da suka kira Hastelloy, sunan da aka tsakuro daga haruffan sunan kamfanin na lokacin, Haynes Stellite. Hastelloy B nikel ne da molibdinam wajen kashi 28 cikin ɗari, kusan babu kuromiyam, kuma yana zama cikin tafasasshen asid na haidirokulorik ya fito lafiya. Amma ga darasin da masu wannan sana'a ke nanatawa: idan asid ɗin ya gurɓata da ɗan narkakken baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe, wannan gwarzon sai ya shiga ciwo cikin sauri, domin ba shi da kuromiyam da zai yi masa sulke. Babu ƙarfen da ya fi kowane. Akwai dai wanda ya dace da ruwan da ke cikin tukunyarka, kuma injiniyan da bai san ainihin abin da ke cikin tukunyarsa ba zai sayi ƙarfe mai tsada ya yi asara. Hastelloy C ya haɗa kuromiyam da molibdinam don ya tsaya a tsakani, ya jure ɓangarorin biyu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo wata buƙata. Jiragen yaƙi da ke tashi can sama, inda iska ta yi ƙaranci, suna buƙatar na'urar da ke matsa iska cikin inji, kuma hayaƙin injin mai tsananin zafi ne ke juya farfelarta. Ƙarafan da ake da su ba sa daɗewa a wurin. Maganin ya fito daga inda ba a zata ba, wato wajen masu haɗa haƙoran roba. Tun shekarun 1930 suna amfani da wani gamin kobal da kuromiyam da molibdinam mai suna Vitallium, suna zuba shi ta hanyar kakin zuma. Ga yadda ake yi: a sassaƙa siffar abin da ake so da kaki, a lulluɓe ta da wani irin yumɓu mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a bar rami mai ainihin siffar, sannan a ɗura narkakken ƙarfe a ciki. Idan ya huce a fasa yumɓun. Dabara ce tsohuwa da maƙeran zubi suka sani dubban shekaru, amma ita ce ta dace da ƙarfen da ba ya sassaƙuwa. An ɗan gyara gamin, ya zama Stellite 21, kuma masana'antar Kokomo ta zuba miliyoyin ƙananan fukafukan farfela da shi kafin yaƙin ya ƙare.

Bayan yaƙi injin jet ya karɓe sararin sama, buƙata ta koma kan fallen ƙarfe da za a iya lanƙwasawa, a huda, a yi masa walda, kuma ya zauna cikin wuta dubban awoyi. A shekarun 1950 aka fitar da Hastelloy X: nikel kusan kashi 47, kuromiyam 22, baƙin ƙarfe 18, molibdinam 9. Ba shi ne mafi ƙarfi ba, kuma an yi waɗanda suka fi shi tun daga lokacin. Abin da ya sa har yau, bayan shekara kusan saba'in, ake ci gaba da yin ɗakunan ƙona mai da shi, shi ne sauƙin halinsa a hannun ma'aikaci. Yana lanƙwasuwa, yana karɓar walda ba tare da tsagewa ba, kuma an san halinsa ciki da waje. Wannan siffa ta ƙarshe tana da nauyi fiye da yadda ake zato, zan dawo kanta.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka sami Haynes 25, gamin kobal da kuromiyam 20, tangsten 15, nikel 10. Don injin jirgi aka yi shi, amma yau yana cikin ƙirjin mutane da yawa: da irinsa ake yin wasu daga cikin ƙananan ragar da likitocin zuciya ke sakawa don buɗe jijiyar jini da ta toshe. Akwai kuma Hastelloy N, wanda aka tsara a cibiyar bincike ta Oak Ridge don wata tukunyar nukiliya ta gwaji mai amfani da narkakken gishiri, wadda ta yi aiki daga 1965 zuwa 1969. Yanzu da ake sake sha'awar irin wannan tukunya, masu bincike sun koma suna karanta bayanan da aka tara a kansa.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne labarin walda, domin shi ke nuna yadda ci gaba a wannan fage ke zuwa. Hastelloy C na asali yana da aibi guda. A ɗauko faranti biyu a haɗa su da walda, a zuba asid. Bayan wani lokaci farantan suna nan ƙalau, layin waldar ma yana nan, amma a gefe da gefensa, ɗan tazara kaɗan, sai a ga wani siririn layi ya ciwu kamar an ja shi da wuƙa. Abin da ya faru shi ne, wannan wurin bai narke ba amma ya sha zafi sosai. Cikin 'yan daƙiƙun nan, ɗan kabon da silikon da ke cikin ƙarfen sun sa kuromiyam da molibdinam sun taru sun dunƙule a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, suka bar gefensu babu kariya. Asid kuwa ta nan yake bi. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne a mayar da abin da aka ƙera gaba ɗaya cikin tanderu, a gasa shi a zafi sama da digiri dubu, a sanyaya shi da sauri. Idan ƙaramin famfo ne, babu damuwa. Idan tukunya ce mai tsawon bene uku da aka haɗa a filin masana'anta, wane tanderu zai ɗauke ta?

An san cutar, an san kuma maganinta shi ne rage kabon da silikon har su kusa ƙarewa. Wuyar ita ce yadda za a yi hakan da yawa kuma da araha, domin idan ka hura oksijin cikin narkakken ƙarfe don ƙone kabon, kuromiyam mai tsada ma ƙonewa yake yi. Sai wani reshe na Union Carbide ya fito da dabarar gauraya oksijin da iskar argon, wadda ba ta haɗuwa da komai. Argon ɗin yana kwashe hayaƙin kabon da sauri, sai kabon ya riƙa ƙonewa ya bar kuromiyam. Da wannan dabara gamin C-276, wanda asalin tsarinsa daga kamfanin BASF na Jamus ya fito, ya zama abin da za a iya yi da yawa tun daga ƙarshen shekarun 1960. Kabon da ke cikinsa bai wuce kashi 0.01 cikin ɗari ba. Sauran sinadaran kusan irin na tsohon ne: nikel wajen 57, kuromiyam 16, molibdinam 16, tangsten wajen 4. Abin da aka cire, ɗan mitsitsi, shi ya sauya komai, domin yanzu mai walda zai gama aikinsa a zuba asid ba sai an koma tanderu ba. Daga baya aka sami C-22 a shekarun 1980, mai kuromiyam 22, wanda har aka zaɓa don rufin waje na tankunan da aka tsara binne sharar nukiliya a cikinsu a dutsen Yucca na jihar Nevada, aikin da bai kai ga tabbata ba.

Wani matsin kuma daga ma'adinai ya zo. Mafi yawan kobal na duniya daga kudancin Kwango yake fitowa, a yau fiye da kashi 70 cikin ɗari. A 1978 yaƙi ya isa garin Kolwezi, cibiyar haƙarsa a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, farashinsa ya ninka sau da yawa cikin ɗan lokaci. Masu ƙera injin jirgi suka farga cewa sun jingina da bango ɗaya. Kafin nan Haynes 188, gamin kobal da aka sa wa ɗan lantanam don fatar kariyarsa ta manne da kyau, shi ne abin alfahari a wuraren da suka fi zafi. A shekarun 1980 kamfanin ya fitar da Haynes 230, wanda nikel ne tushensa, da kuromiyam 22 da tangsten 14, yana yin aiki makamancin wancan ba tare da dogaro da kobal ba. Nikel ɗin ma bai tsira daga irin wannan ba. Fiye da rabinsa yanzu daga Indonesiya yake fitowa, kuma a watan Maris na 2022 farashinsa a kasuwar ƙarafa ta Landan ya haura dala dubu ɗari kan tan guda cikin sa'o'i, har aka dakatar da cinikinsa. Kamfanin da nikel ne tushen yawancin kayansa, irin wannan rana ba ta barinsa barci.

To idan sinadaran a bayyane suke, har ga su ina lissafa su, kuma wa'adin mallakar yawancinsu ya ƙare tuntuni, me ya hana kowa yi? Wasu suna yi. C-276 da gamin X kamfanoni da dama ke narka su a yau, sunan Hastelloy ne kaɗai ba su da ikon amfani da shi. Akwai Special Metals masu nasu gamin nikel mai suna Inconel, akwai Carpenter da ATI a Amurka, akwai VDM a Jamus. Amma ba su da yawa, kuma dalilin yana cikin masana'antar kanta.

Narkawar sau biyu ake yi. Da farko a tanderun lantarki, ko kuma a tukunyar da aka zuƙe wa iska gaba ɗaya, idan gamin yana da alminiyam ko titaniyam da iska ke lalatawa. Sandar da aka samu sai a sake narka ta ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya ratsa ta cikin wani narkakken ƙasa-ƙasa da ke tace dattinsa, ya daskare a ƙasa a hankali. Sannan a zo ga murzawa, inda wahalar take. An yi ƙarfen ne musamman don kada ya yi laushi a wuta, ga shi kuma ana so a murje shi ya zama falle. Tazarar zafin da yake yarda a murza shi ƙanƙanuwa ce: ya ɗan huce ya ƙi motsi ko ya tsage, ya ɗan wuce ya lalace. Saboda haka a farkon shekarun 1980, lokacin kamfanin yana hannun Cabot da ya saye shi a 1970, aka kafa wani katafaren injin murza a Kokomo, mai tanderu a kowane gefe. Fallen yana fita daga tsakanin ƙarafan murzawa ya naɗe a cikin tanderun dama, ya dawo ta cikinsu ya naɗe a na hagu, yana kai da komo ba tare da ya huce ba, kowane zagaye yana ƙara sirancewa. Wannan injin shi ne ƙashin bayan kamfanin, shi ya sa ƙarfinsa ya fi yawa a faranti da falle. Bututu a garin Arcadia na jihar Luwiziyana ake yin sa, waya kuma a Mountain Home da ke Karolina ta Arewa.

Bayan inji akwai lokaci, kuma a ganina shi ne ainihin jarin. Mai ƙera injin jirgi ba zai karɓi sabon ƙarfe don an ce masa yana da kyau ba. Yana so ya ga abin da ya faru da sandar gwaji da aka rataya wa nauyi cikin tanderu na awa dubu goma, wato fiye da shekara guda, kuma babu hanyar gaggauta wannan. Yana so ya ga hakan daga narki daban-daban, ya tabbata na bana daidai yake da na bara. Kowane faranti yana fita da lambar narkin da ya fito daga ciki da takardar gwajinsa, ta yadda ko bayan shekara ashirin aka sami tsaga za a iya bin sawu har ranar da aka narka shi. Haynes 282 misali ne. An fitar da shi a 2005, kuma abin da ya bambanta shi shi ne ƙananan ƙwayoyin nikel da alminiyam da titaniyam da ke ba shi ƙarfi ba sa fitowa da gaggawa, don haka ana samun damar yi masa walda kafin ya taurare, abin da ke tsaga 'yan'uwansa da yawa. Duk da haka sai da ya shafe fiye da shekara goma kafin ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka mai tsara dokokin tukwanen tururi ta amince a yi amfani da shi a wannan fanni. Wannan jinkiri ne ke sa tsohon gami kamar X ya daɗe, kuma ni ban ga laifinsa ba. Mutanen da ke zaune kusa da tagar nan ba su san sunan ƙarfen ba, amanarsu tana hannun wanda ya ƙi yin gaggawa.

Ƙwarewa ba ta hana kamfanin shan wuya ba. Kusan rabin cinikinsa na jiragen sama ne, sauran na masana'antun sinadarai da injinan samar da lantarki masu amfani da gas, kuma duk kasuwanni ne masu hawa da sauka. Sunan Stellite da aka fara da shi ma ya bar gidan, yanzu yana hannun Kennametal, wanda ya sayi kamfanin Deloro Stellite a 2012. Bayan Cabot ya saki Haynes a ƙarshen shekarun 1980, ya bi ta hannun masu zuba jari da suka saye shi da bashi suka ɗora masa. Da kasuwar jirage ta faɗi bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ga farashin nikel yana tashi, sai nauyin ya fi ƙarfinsa. A 2004 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, ya sake tsari ya fito a cikin shekarar, tanderunsa ba su mutu ba. A 2007 ya sayar da hannun jari a kasuwar Nasdaq.

A watan Fabrairu na 2024 kamfanin Acerinox na ƙasar Sifen, babban mai yin ƙarfe marar tsatsa, ya sanar cewa reshensa na Amurka, North American Stainless, zai sayi Haynes a kan dala 61 kowane hannun jari, cinikin da jimillarsa ta kusa dala biliyan ɗaya. An kammala a watan Nuwamba na shekarar. Tun 2020 Acerinox ya riga ya sayi VDM na Jamus, don haka tsofaffin abokan gasa biyu yanzu suna ƙarƙashin inuwa ɗaya. Narkawa da murzawa suna nan a Kokomo, garin da Elwood Haynes ya gwada motarsa shekara 130 kafin wannan ciniki.